Gidan Gonar da Babu Madubi

Jama'a, ku matso kusa, yau ba hira na zo yi da ku ba. Shawara nake nema, wadda kuma ta san ba za ta faɗa mini gaskiya ba, gara ta karanta ta wuce abinta.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin tsofaffi nake aiki a asibiti. A gida Auta ake ce mini, duk da na girme wa sunan. Akwai mutumin da ke nemana da aure, yana da gidan gona a bayan gari inda yake kiwon kaji, can kuma yake zaune. Tun zuwansa na farko da ya sauke mana kiret-kiret na ƙwai a tsakar gida, Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta laƙaba masa Mai Ƙwai. Sunan ya bi shi, har a wayata haka na ajiye shi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Mutum ne mai sanyin magana, ga tsafta, in ya zauna a falonmu har gyara zaman matashin kujera yake yi kafin ya tashi.

Abu ɗaya na gindaya masa tun farko. Kakata, mahaifiyar Baba, ta yi shekaru hankalinta a gushe, ni kuma na yi jinyarta tun ina 'yar makaranta. Ni ce wanka, ni ce ba da abinci a baki, ni ce gadin ƙofa don kada ta fice. Ƙawayena suna yawon biki, ni ina wankin zanen gado. Da ta rasu na yi kuka sosai, sannan na yi wa kaina alƙawari: jinya a asibiti aiki ne, in na tashi in cire farar riga in rataye. Amma a gidan aurena ba zan sake ba. Kowa a gidanmu ya san wannan magana. Shi ma na faɗa masa, ido cikin ido.

Ya ce, "Ai ni kaɗai ne da kajina. Mahaifiyata ta rasu, tsohona kuma yana can wajen 'yan uwa."

To, Baba ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya ga inda 'yarsa za ta zauna da idonsa. Aka sa ranar Asabar: Baba, Umma, Gwaggo da ni, Yayana kuma ya tuƙa mu. In gida ya yi wa Baba, a nan zai tambaye ni a gaban kowa, in na ce na yarda magana ta ƙare. Kun ga ke nan wannan ba yawon shan iska ba ne. Rayuwata za a je a yanke a falon mutumin nan.

Tun da aka sa rana gidanmu bai zauna ba. Umma ta juye akwatinta a kan gado, mayafai kala-kala har ƙasa. Gwaggo ta sa an wanke mata takalmin da ba ta taɓa sawa ba saboda yana matse mata ɗan yatsa, wai gidan suruki ba a zuwa da silifa. Ni an zaɓa mini doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya, aka ce in na kuskura na sa baƙar nan tawa ta kullum za a bar ni a gida.

Sai saƙonninsa suka fara shigowa.

"Don Allah ku bari sai rana ta yi sanyi, kada ku zo da safe."

Na rubuta masa, "Baba ya fi son tafiyar safe."

"Da safe ina fama da kaji. In za ku taso ku kira ni tukuna."

Can kuma: "Ba kwana za ku yi ba ko?"

Na ce a'a. Ya turo mini fuskar murmushi har uku. Mutumin da kullum yake cewa ya ƙosa in ga gidan, yau shi ne yake murna ba za mu daɗe ba. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, amma na ce wataƙila kunyar surukai ce.

Gwaggo ce ta ja mana. Tana zaune a bakin gadon Umma tana gwada ɗankunne ta ce, "Ke Auta, ce masa ya turo hoton gidan mana. Kada mu ci ado mu je mu tarar da akurki."

"Kai, Gwaggo."

"Kai me? Mutumin da ke kwana da kaji ai sai an bincika. Ni dai in na ji warin kashin kaji a falo, a tsaye zan gaisa in fito."

Na rubuta masa. Bai ɓata lokaci ba ya turo hotuna, har da cewa yanzu ya gama share ko'ina. Gwaggo ta fizge wayar, ta miƙar da hannu nesa don ba ta ɗauko tabarau ba.

"Iye! Ashe ɗan nan yana da abin hannunsa. Dubi kujeru. Dubi labule har ƙasa. Wannan kicin ɗin ai ya fi ɗakina girma."

Na karɓa na duba. Gida ne mai kyau, ba ƙarya: farin fenti, tagogi manya, tayil yana ƙyalli. Amma idona bai tsaya a kan kujeru ba. Idon da ya saba da ɗakin tsofaffi ba ya kallon ɗaki yadda mutane ke kallo, shi kusurwa yake bi.

Teburin tsakiyar falo, kusurwoyinsa huɗu an naɗe su da soso an ɗaure da salatif.

Na wuce kicin. Murhun gas sabo fil, amma babu maɓallan kunnawa ko ɗaya, sai ƙarafunan a tsaye tsirara.

Na wuce banɗaki. An kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da wurin zama. A saman wurin wanke hannu kuwa babu madubi, sai shacinsa: fentin wurin ya fi sauran bangon haske, ga ramukan ƙusa a gefe-gefe. Na koma ɗakin kwana, madubin jikin kabad an lulluɓe shi da zane.

Na ce, "Gwaggo, kin ga gidan nan babu madubi?"

"To gwauro me zai yi da madubi? Kaji ne za su ce masa bai yi kyau ba?"

"Murhun fa? Babu maɓallai."

"Ya cire ya wanke. Ba kin ce mai tsafta ba ne?"

"Teburin kuma da aka naɗe?"

"Sabo ne, bai gama ɓare shi ba. Ke wai mijin aure kike nema ko binciken 'yan sanda kika zo yi?"

Hoton ƙarshe shi ya cire mini shakka. Ƙofar fita ce, an ɗauki hotonta daga ciki. A gabanta an shimfiɗa wata baƙar darduma mai faɗi, baƙa ƙirin, ba ta dace da komai na ɗakin ba. Wanda bai sani ba zai ce abin goge ƙafa ne. Ni kuwa na sani. Tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta fara ruɗewa in ya ga baƙin abu a ƙasa, rami yake gani, ba zai yarda ya tsallaka ba. Haka muka yi wa Kaka. Madubi ma haka: takan ga fuskarta ta ce wata baƙuwa ta shigo mata ɗaki, ta yi ta ihu, sai da muka sauke na gidan duka.

Mai Ƙwai ya share gida, ya kwashe duk abin da yake ganin zai tona shi. Waɗannan kuwa ya daɗe da su har idonsa ya daina ganin su. Ya manta wa yake tura wa.

Na miƙa wa Umma wayar. "Umma, duba ki gani."

Umma, wadda ko tumatir za ta saya sai ta juya shi ta ko'ina, ba ta ko ɗago ba. Ninke mayafi take yi. Ta ce, "Zan gani ranar Asabar. Ki daina neman abin da babu, Auta. Mutum ya fito da mutuncinsa, yana son ki, yana da sana'a. 'Yan uwanki duk suna ɗakinsu, ke kaɗai kika rage ina ta amsa tambayar mutane."

"Umma, darduma baƙa a bakin ƙofa. Kin tuna?"

Hannunta ya tsaya a kan mayafin, sannan ya ci gaba. "Darduma ai darduma ce. Je ki goge rigarki."

Na fita baranda na kira shi. Ya daɗe bai ɗauka ba.

"Ranki ya daɗe, hotuna sun yi?"

"Sun yi. Gida ya yi kyau. Wa ke taya ka zama a ciki?"

"Ni da wa kuwa? Masu aikin kaji da yamma suke tafiya."

A bayansa ina jin wani sauti, ƙwanƙwasa a hankali, kamar ana buga cokali a jikin kofin ƙarfe. Ƙwas, ƙwas, a tsaya, a sake.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Wanne? Oh, kaji ne suke tsattsagar mazubin abinci."

"A cikin falo?"

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Kafin ya ba ni amsa sai na ji wata murya can nesa, muryar namiji, siririya, tana jan wata waƙa da ba ta da kai. Ya ce, "Ina zuwa, ana nemana," ya kashe.

Jama'a, ku gaya mini, kaji suna waƙa?

Na rasa wanda zan kai wa magana. In na je wa Baba da zancen soso da darduma, zai ce in kawo hujja. In na yi shiru, Asabar za ta zo, a zaunar da ni a kan kujerun nan masu kyau, Baba ya tambaye ni, Umma ta kafe ni da ido, Gwaggo tana murmushi da takalmi mai matsa ƙafa. Na san kaina. A gaban mutane ba na iya cewa a'a. Tambaya ɗaya ce take cin raina: ni mutumin nan yake so, ko hannuwana?

Ana gobe tafiya ina aikin safe. Da na tashi ban ko cire farar riga ba, na ɗora mayafi a kai na tsayar da tasi. Taswirar gidan tana wayata, don shi da kansa ya turo in ba Yaya. Na nuna wa mai tasin.

Ya ce, "Hajiya, nan ai bayan gari ne sosai. Mara lafiya za ki duba?"

Na ce, "Abin da zan je in gani ke nan."

Muka bar kwalta muka hau turba. Gidaje suka yi ta raguwa har suka ƙare, sai gonaki da turakun wuta. Na ga wata tsohuwar mota a gefen hanya, bishiya ta tsiro ta cikinta ta fito ta rufin, har da tsuntsaye a kai. Na yi ta kallon ta har ta ɓace. Zuciyata tana ce mini in koma, wata kuma tana cewa in dai kunya ce gara in ji ta yau ni kaɗai. Na shirya abin da zan ce in na tarar ba kowa: in ce marmarin ganin sa ne ya kawo ni, ya yi dariya, in dawo gida in goge rigata.

Warin kaji ne ya fara tarbar mu, sannan dogayen rumfunansu, sannan farin gidan. Get a buɗe yake. Na ce wa mai tasi ya jira ni a waje.

Motar da yake kai ƙwai kasuwa tana tsaye, an juyo bayanta daidai ƙofar gida. Babu ƙwai a ciki. Katifa ce a naɗe, da jakar kaya, da bargo, da kujerar nan mai rami a tsakiya wadda nake wankewa kullum a wurin aiki.

A kan dakalin ƙofa wani tsoho ne zaune, dogo, siriri, da huluna biyu a kansa, ɗaya a kan ɗaya. Ya rungume wata farar kaza a hammata, ita kuma ta lafe abinta kamar ta saba. Mai Ƙwai yana durƙushe a gabansa da kayan aiki, ya juya mini baya, yana sa masa takalmi.

"Ɗaga ƙafar, Baba. Yauwa. Ɗayar kuma."

"Ina za mu?"

"Gidan ƙanwarka. Ka kwana, ka sha shayi, jibi in zo in ɗauko ka."

"Da Malama za ni."

"Ba a shiga da kaza gidan mutane, Baba."

"To ba inda za ni. Ita kaɗai ce ba ta yi mini ƙarya a gidan nan."

Mai Ƙwai ya sunkuyar da kai, ya goge wa tsohon bakinsa da gefen hannun rigarsa, a hankali, yadda wanda ya saba yake yi. Ya ce, "Shi ke nan, da Malama za ka." Wallahi da wani ne ba shi ba, da na ce Allah ya yi masa albarka.

Tsohon ne ya fara gani na. Ya leƙo ta saman kafaɗar ɗansa, ya ƙura wa farar rigata ido, fuskarsa ta washe.

"Ga ta nan! Kai kuma ka ce sai an yi auren za ta zo."

Mai Ƙwai ya waiwayo. Takalmin da ke hannunsa ya faɗi. Ya miƙe.

Na ce, "Sannu da aiki. Wannan ne tsohon da ke can wajen 'yan uwa?"

"Auta... ki tsaya ki ji."

"Ina tsaye."

"Lokacin da na faɗa miki haka, wallahi yana can. Daga baya suka ce sun gaji, suka kawo mini shi. Ina zan kai shi? Ubana ne."

"Ban ce ka kai shi ko'ina ba. Cewa na yi me ya hana ka faɗa mini."

"Kin riga kin gaya mini sharaɗinki."

"Shi ya sa ka loda shi a motar ƙwai."

Ya kalli motar kamar yanzu ya fara ganin ta. Ya ce, "Na ɗauki masu kula da shi. Ta farko ta yi ɗan lokaci ta tafi. Ta biyu ko sallama ba ta yi mini ba."

"Sai ka ce bari ka auro wadda ba ta da damar tafiya."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka dube ni ka faɗa. Ranar da ka fara gani na a asibiti, me ka gani?"

Ya sunkuya ya ɗauki takalmin da ya faɗi. Sannan ya ce, "Na gan ki kina ba wani tsoho ruwa da cokali, yana tofarwa kina sake ba shi, ba ki ɗaga murya ba. Eh, na yi wannan tunanin. Ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba. Amma wannan farko ne, Auta. Daga baya ke ce. Ko da babu shi, ke ce."

Na so ya musa. Da ya musa da na samu abin da zan tsane shi da shi, in juya in shiga tasi hankalina kwance. Sai ga shi ya ba ni rabin abin da nake tsoro da rabin abin da nake so, a cikin numfashi ɗaya.

Tsohon ya ce, "Yarinya, zo nan."

Na matsa, don ba a ƙin kiran babba. Maɓallan rigarsa a karkace suke, na sama ya shiga ramin na ƙasa. Ban san sanda hannuna ya kai ba. Na ɓalle, na gyara, na daidaita masa wuyan rigar, na taɓa bayan hannunsa in ji ko da zazzaɓi. Sai da na gama na ga abin da na yi, na ji haushin hannuwan nan nawa kamar in yar da su. Mai Ƙwai yana kallo, ya kawar da kai.

Tsohon ya kama bakin mayafina da hannun da ba ya riƙe da kaza. Ya daɗe yana duban fuskata, yana karkata kai.

"Na san fuskar nan. Irin ta matar da ta zo rannan ce."

Mai Ƙwai ya ce da sauri, "Baba, tashi mu tafi, yamma tana yi."

Na ce, "Bar shi. Wace mata, Baba?"

"Mai kama da ke sak, sai dai ta fi ki jiki. Ita da wata mai surutu, wadda ta ce gidan yana warin kaji. Sun kawo mini biredi. Mace mai kirki, ta zauna nan inda kike ta yi mini addu'a." Ya shafa kan kazar. "Ita ce ta ce a kai ni wani wuri in za ku zo. Wai 'yarta in ta gan ni za ta fasa."

Na zauna a kan dakalin kusa da shi. Na dubi Mai Ƙwai ina jira ya ce tsohon ruɗewa yake yi, ai masu irin ciwonsa suna haɗa abin da ya faru da wanda bai faru ba. Ƙasa yake kallo.

Umma. Umman da ta ga yadda na ƙare a jinyar Kaka, wadda take shafa mini man zafi a baya in na kasa miƙewa. Ita da Gwaggo sun zo gidan nan, sun ga tsohon nan, sun koma suna zaɓa mini riga ruwan zuma. Duk cikin masu tafiyar gobe, ni da Baba da Yaya ne kawai za a kai kallon gida. Sauran sun san inda aka ɓoye mai gidan.

Mai tasi ya danna hon daga waje. Wayata ta yi ƙara a jaka, na ciro, saƙon Umma ne: "Kina ina? Ki biya ki karɓo wa Babanki hularsa wajen mai wanki, ita zai sa gobe."

Tsohon bai saki mayafina ba. Ya matso da fuskarsa kusa da tawa, ya rage murya kamar kada ɗansa ya ji, idanunsa tar a kaina, babu alamar ruɗewa a cikinsu ko kaɗan.

"To ga shi kin gan ni," ya ce. "Za ki fasa?"